Buhun Wake: Tsakanin Riba da Guba

(Kiɗan buɗe shiri)

Manoma, ina gajiya, ya aikin kaka? 'Yan kasuwa, Allah ya ba da sa'a. Iyayenmu mata da ke gaban murhu, sannunku da aiki. Shirin yau ya shafe ku gaba ɗaya, domin buhun wake za mu bi tun daga gona har tukunya, mu ga irin hatsarin da ke jiran sa a kowane zango, mu kuma ga wanda ake bari da asarar. A hanya za mu ratsa ta kan gyaɗa da masara, daga nan mu yi magana da mai 'yan kuɗi a hannu da ke neman inda zai zuba su.

Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita. Waken ƙauyukan Maraɗi da Damagaram, da na Jigawa da Yobe da Borno, yakan sauka a kasuwar Dawanau ta Kano, daga nan tireloli su kwashe shi zuwa Bodija a Ibadan da Mile 12 a Legas. Shi ne ƙosan safe, shi ne alala, shi ne garau-garau, kuma a gidajen da nama ya gagara shi ke gina jikin yara. Yadda farashinsa ke tafiya ba ɓoyayye ba ne. Da kaka kowa ya kawo nasa kasuwa a lokaci guda, sai ya yi araha. Daga bazara zuwa tsakiyar damina rumbuna sun yi ƙasa, sai ya hau. Shi ya sa duk mai hali yake son ya ajiye.

To amma wake ba ya son ajiya. Ƙwaronsa tun daga gona yake biyo shi. Uwar takan saka ƙwai a jikin wake, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ta shige ciki ta yi ta ci, cikin kamar wata guda ta fito da fiffikenta, ita ma ta hau saka nata ƙwan. Buhun da ka ɗinke da kaka yana sheƙi, ka kwance shi bayan wata huɗu ko biyar ka tarar da huji ko'ina, ga gari a gindin buhu, ga ɗumi, ga wari. In ka kai shi kasuwa a haka, tayin wulaƙanci za a yi maka.

Mai sauraro, ka ɗauka kai ne ɗan kasuwar da ya zuba duk abin da ya mallaka, har da na aro, a buhu 200. Kullum ka shiga sito ka ga ƙwaro ɗaya-biyu yana yawo a bayan buhu, gabanka ya faɗi. Sai maƙwabcin rumfarka ya ce maka, "Alhaji, zuba masa magani kawai, kowa haka yake yi, kafin a ci ya huce." Mafi yawan masu zuba wa wake guba ba da niyyar cutar da kowa suke yi ba, tsoron karyewa ne ke tura su. Sai dai cikin wanda ya ci bai san da niyya ba.

Maganin da aka fi zubawa shi ne mai sinadarin dichlorvos, wanda aka fi sani da sunan Sniper, ko ɗan'uwansa na haɗin gida da muke kira fiya-fiya. Don feshin ƙwari aka yi shi, ba a yi shi don a cuɗa da abin da za a ci ba. Idan ya yi yawa a jikin mutum, sai amai da gudawa, da zufa, da dalalar miyau, numfashi ya riƙa sarƙewa, wani lokaci har rai ya yi halinsa. A shekarar 2008, ɗalibai fiye da 100 na wata makarantar 'yan mata a jihar Gombe aka kwasa zuwa asibiti bayan sun ci waken da aka adana da maganin ƙwari. Akwai kuma ƙwayar Phostoxin da ake tura wa cikin buhu, wadda ke fitar da iska mai kisa. Aikin ƙwararru ne, a sito mai nisa da wurin kwana. Duk wanda ya sa ta a hatsi ya jingine buhun a ɗakin da iyalinsa ke barci, da ransu yake wasa.

Asarar ba a asibiti kaɗai ta tsaya ba. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda wannan sinadari na dichlorvos. Ƙa'idarsu ita ce kada ya wuce miligiram 0.01 a kilo guda, amma aka samu wanda ya kai 4.6, wato ninki 460. Da farko dakatarwar ta shekara ɗaya ce. A 2016 aka ƙara shekara uku, a 2019 aka sake ƙara wasu uku. Manomin Gumel ko na Potiskum da bai taɓa riƙe kwalbar Sniper ba, shi ma ƙofar ta rufe da shi, domin mai saye a waje bai san sunan kowa ba, waken Najeriya kawai ya sani. Garin neman gira aka rasa ido. A 2018 wani bidiyo ya bazu a wayoyi ana nuna 'yan kasuwa na yayyafa wa wake Sniper, mutane da yawa a birane suka ɗauke ƙafa daga wake na ɗan lokaci, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin a kantuna da kasuwanni.

Abin da nake so mu riƙe a shirin yau ke nan. Asarar da mutum ya ƙi tanadar wa hanyar da ta dace ba ta ɓacewa, kan wani take komawa. Ɗan kasuwar ya tsira da buhunsa 200, amma ya ɗora hatsarin a kan yarinyar da ke cin wake a makarantar kwana, da manomin da aka rufe wa kasuwa, da kuma shi kansa, tunda iyalinsa ma a kasuwar nan suke awo.

Abin takaicin shi ne akwai hanyar da ba ta buƙatar ko ɗigon magani. Buhun nan ne mai ruɓi uku da ake kira PICS: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Tun ƙarshen shekarun 1980 masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu a Marwa, arewacin Kamaru, suka fara gwada dabarar, kuma daga 2007 aka shiga yaɗa ta a ƙauyukan Afirka ta Yamma, ciki har da Nijar da arewacin Najeriya. Yadda aka shawo kan mutane ya burge ni. Ana tara jama'a a dandali da kaka, manoma su kawo wakensu a ɗaure a gaban kowa, sai bayan watanni a sake taruwa a kwance a gaban kowa, a zuba hannu a ɗebo wake fes kamar ranar da aka zuba shi. Ƙwaro mai rai ne, iska yake shaƙa. In an toshe iskar, shi da tsutsarsa sukan shanye ɗan abin da ya rage a ciki, su daina ci, su daina haihuwa, su mutu.

Aikin yana da ƙa'ida. Kafin ka zuba komai, buɗe kowace leda ta cika da iska, ka riƙe bakinta ka matsa, in kana jin iska na fita to ta huje, a nemi wata. Wake ya bushe sarai, a sheƙe shi a tsince tsakuwa da itatuwan da za su iya huda leda. A zuba a ledar ciki, a girgiza ya zauna, a matse iskar da ta rage, a murɗe bakin a lanƙwasa shi a ɗaure tam. Sannan ta biyu ita ma a ɗaure ta daban, sannan buhun waje. A ɗora a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango, a kuma yi maganin ɓera, domin huji ɗaya ya isa ya ɓata aikin. Kada a riƙa buɗewa ana leƙawa. Wanda ya kula da buhunsa yakan mora shi kaka biyu ko uku. Mai ɗan kaɗan na cin gida kuwa, jarka mai tsabta ko duro mai murfi da ke toshe iska yana yin wannan aikin, muddin an cika shi har baki kuma ba a taɓa zuba mai ko magani a ciki ba. Kakanninmu ma da toka da rairayi suke cakuɗa wake a tukunya su liƙe baki.

Na san abin da wasu za su ce, "Buhun yana da tsada." Gaskiya ne ya fi buhun da aka saba kuɗi. Amma a raba kuɗin gida uku na kaka uku, a cire kuɗin maganin da ba za a saya ba, sannan a gwada da kuɗin tiya biyu ko uku na wake a watan Yuli. Lissafin ba mai wuya ba ne.

Uwar gida, ga naki. In kin je awo, ɗebi wake ki shinshina. In kin ji warin magani, ko kin ga wani gari-gari da ba na wake ba a hannunki, ki bar shi ko da ya fi araha. Ganin ƙwaro ɗaya-biyu a kwano ba abin tsoro ba ne. Wanki da shanya suna rage magani, amma ba su ba da tabbacin ya fita duka. In kuwa aka ci abinci sai mutum biyu ko uku a gida suka kama amai da zufa a lokaci guda, kada a tsaya ɗura musu manja ko madara, kada a sa su amai da gangan. A garzaya asibiti, a tafi da ragowar abincin.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu muna tare. Gubar da muka yi magana a kai hannun mutum ne ke zuba ta. Akwai wata kuma da sakaci ke haifarwa, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ana kiran ta aflatoksin. Wata irin funfuna ce da ke zaune a ƙasa take samar da ita, kuma ta fi son gyaɗa da masara, musamman in fari ya wahalar da shuka a ƙarshen damina, ko ƙwari sun huda ƙwaya, ko aka tara amfani bai gama bushewa ba. A 1960 aka fara gano ta, lokacin da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan an ciyar da su tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Burazil. A 2004 kuma, a gabashin Kenya, mutum 317 suka kwanta bayan sun ci masarar da aka adana da danshi, 125 daga cikinsu suka rasu.

Irin wannan kisa na farat ɗaya ba kasafai yake faruwa ba. Abin da ya fi yawa shi ne ci kaɗan-kaɗan na shekara da shekaru. Gubar hanta take nufa, tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar hanta, kuma hatsarin yakan ninka ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a ƙasashenmu. An kuma alaƙanta ta da tsumburewar yara. Dahuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta. In aka ba saniya dusar da ke da ita, wani ɓangarenta yakan fito a nono.

Ku dubi abin da ke faruwa bayan an ɓare gyaɗa. Ana tsince masu kyau, manya masu sheƙi, a kai wa mai saye da tsada. Sauran fa, waɗanda suka yamutse, da masu baƙi-baƙi, da masu kore-kore a tsaga? Ba a zubar da su. Ana tara su a kwano a sayar da araha, su tafi wajen matsar mai da ƙuli-ƙuli da yajin tsire, ko a bar su a gida a dama kunu. Waɗannan ƙwayoyin da aka ware su ne matattarar gubar. Ke nan mun tace mai kyau mun sayar wa na nesa, mun tattara mai cutar mun ba yaranmu. Wannan abu yana ci mini rai, domin talauci ne ke sa uwa ta ga zubar da rabin kwanon gyaɗa a matsayin almubazzaranci. Amma ina roƙon ku, iyayenmu, wadda ta ɓaci a binne ta ko a ƙona. Kada ma a ba kaji.

Rigakafin yana hannun manomi tun a gona. A cire gyaɗa a kan lokaci, kada a bar ta ruwan ƙarshe ya yi ta dukan ta. A shanya a kan tamfol ko tabarma ko daɓe mai tsabta, a bar shanya a kan turɓaya da gefen kwalta. Ga wata dabara mai sauƙi ta gane ko masara ta bushe: samu kwalba busasshiya, zuba masara kamar sulusinta, ƙara busasshen gishiri cokali biyu, rufe ka girgiza, ka bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran danshi, a mayar da ita rana. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta kuma samar da Aflasafe, ƙwayar dawa ce mai launin shuɗi da aka lulluɓe da irin wannan funfuna amma marar guba. Ana watsa kilo 10 a hekta guda, mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, sai marar gubar ta riga mai gubar kama wuri.

Muna yawan tuna dalar gyaɗa ta Kano da kewa. Farin shekarun 1970, da cutar da ta cinye gonakin gyaɗa a 1975, da komawar hankalin hukuma kan man fetur, su suka rushe ta. Mai son gyaɗarmu ta koma kasuwar Turai a yau kuwa, sai ya tsallake gwajin aflatoksin, inda gyaɗar ci ba a yarda ta wuce maikirogiram 4 a kilo ba. Gwajin nan a wajen shanya ake cin sa ko a faɗi.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu mu ce wakenka ya tsira daga ƙwaro, masararka ta bushe. Saura kasuwa, ita kuwa ba ta yi wa kowa alkawari ba.

Mutane da yawa da baki suke lissafin ajiya: na saya kaza, na sayar kaza, riba kaza. Bari mu yi misali. Mu ce ka sayi buhu a kan naira 60,000 da kaka, ka sayar 75,000 bayan wata shida. Za ka ce ka ci 15,000. To cire kuɗin buhu, da na 'yan dako hawa da sauka, da na mota, da hayar sito, da la'adar dillali, da ramar da hatsi ke yi in ya ƙara bushewa. Mu ce duka sun tashi 7,000, saura 8,000. A watan Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin 100 a shekara. A irin wannan yanayi, abin da naira 60,000 ke saya yau, bayan wata shida sai ka ƙara sama da 9,000 kafin ka same shi. Ka ga a takarda ka ci riba, amma a zahiri ko uwar kuɗinka ba ta dawo cikakkiya ba. In kuma da kuɗin bashi ka yi sarin, sai dai a yi maka jaje.

Wannan ma in farashin ya hau ke nan. Akwai shekarun da ba ya hawa, kuma sau da yawa dalilin daga ofis yake fitowa. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disambar 2020. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuya, manoma a kasuwannin ƙauye suka riƙa karyar da kaya ga duk wanda ke da tsaba a hannu. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, motocin kaya suka yi cirko-cirko a Illela da Jibiya da Maigatari. A Yulin 2024 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. A 2025 farashin hatsi ya sauko, magidanta suka ɗan sarara, amma da yawa daga waɗanda suka cika sito da masara suna jiran ta ninka kamar yadda ta yi a baya, ƙasa da yadda suka saya suka sayar. Ba wanda ya shawarci manomi ko ɗan sari kafin ɗaya daga cikin waɗannan matakai, kuma ba za a fasa irin su ba.

Tunda ba ka da iko da farashi, sai ka riƙe abin da kake da iko da shi. Manomi ya fara ware abincin gidansa na shekara da irin shuka, waɗannan ba na sayarwa ba ne ko farashi ya kai ina. Abin da ya rage a raba shi kashi-kashi: wani da kaka don biyan buƙata, wani a tsakiya, wani can gaba. Mai sayarwa a haka ba zai dace da ƙololuwar farashi a duk kayansa ba, amma kuma faɗuwa ɗaya ba za ta kwashe shi gaba ɗaya ba. Tun ranar da ka ɗaure buhu ka yanke farashin da in an kai za ka saki, kuma in an kai ɗin ka saki. Jiran "bari ya ƙara kaɗan" ya karya mutane da yawa. Haka nan gona: manoman tumatir na Kadawa da Kura ba za su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar nan da suke kira sharon ta share gonaki cikin 'yan kwanaki. Wanda ya haɗa da albasa ko masara ya samu abin dafawa ya miƙe.

Na san abin da ke tilasta wa ƙaramin manomi sayarwa da kaka, ranar da kaya suka fi araha: bashin taki, kuɗin makaranta, rashin lafiya, hidimar aure. A Nijar akwai wani tsari da ake kira warantaj, wanda wani shirin hukumar abinci ta duniya FAO ya fara yaɗawa a 1999. Ƙungiyar manoma takan tara hatsinta a sito guda, a sa wa ƙofar kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun ba da rance. A ba kowa rancen wani kaso na darajar kayansa, ya yi kiwo ko noman rani ko 'yar sana'a, bayan wata biyar ko shida ya biya a buɗe sito, ya ɗauki hatsinsa lokacin da ya yi daraja. Shi ma yana da nasa hatsarin, domin a shekarar da farashi bai hau ba sai an biya rancen duk da haka, kuma wanda ke gudun kuɗin ruwa sai ya nemi tsarin da babu shi. Amma dabarar tara kaya wuri guda, da amana mai shaida, ƙungiyoyinmu na iya ɗauka. A nan ya kamata in bambance: manomin da ya adana amfaninsa daban yake da mai kuɗin da ke kwashe abincin kasuwa ya kulle don jama'a su galabaita ya tsawwala. Wannan na biyun addini ya yi hani da shi, kuma malamanmu sun sha yin bayani.

Saura kai ma'aikaci, ko ke 'yar kasuwa, da kuka tara ɗan abin adashi kuna son ku sa a harkar noma. Niyya ce mai kyau, noma na buƙatar jari. Amma duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai noma muku, ya kuma yanke muku riba tabbatacciya, kashi 30 ko 40 cikin wata kaɗan, "ba faɗuwa", ku tambaye shi: in fari ya zo fa, in ambaliya ta zo irin ta 2022 fa, daga ina zai biya? Harkar da muka kwashe wannan lokaci muna lissafa ƙwarinta da funfunarta da faɗuwar farashinta, ba mai gaskiyar da zai ce babu asara a cikinta. A 2020 wasu kamfanonin da ke tara kuɗin jama'a ta intanet da sunan noma sun kasa biyan masu jari a kan lokaci. Waɗanda ba su da ko gonar kuwa, kuɗin na baya suke ba na gaba har ranar da za su ɓace. MMM ta rufe a Disambar 2016, hukumar NDIC ta ce 'yan Najeriya kusan miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. A Afrilun 2025 CBEX ta maimaita wa mutane irin wannan ɗanyen aiki.

Takardar rajistar kamfani ta CAC ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ce. Wannan izini hukumar SEC ke bayarwa, kuma ana iya duba sunan kamfani a shafinta kafin a tura ko sisi. In da ɗan'uwa ko aboki za ku yi, fiƙihunmu ya tsara ƙiradi: mai kuɗi ya kawo jari, mai aiki ya kawo ƙarfinsa, a yanke rabon riba bisa kaso, rabi ko sulusi, ba a yanke adadin kuɗi tun farko. In asara ta zo ba tare da sakaci ba, mai kuɗi ya rasa kuɗinsa, mai aiki ya rasa wahalarsa. Tsarin da kansa ya yarda cewa ana faɗuwa. A rubuta yarjejeniya, a sa shaidu, kunyar rubutu ta raba zumunci da yawa. A je a ga gonar ko siton da ido. Kuɗin makarantar yara da na haya da na magani kuwa, ba su shiga wannan harka. Mai babbar gona ya tambayi inshorar noma, akwai hukumar NAIC tun 1987, akwai kuma kamfanonin takaful ga mai son tsarin Musulunci. Ya kuma saurari hasashen damina da NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara kafin ya zaɓi irin da zai shuka.

Kirana na yau ga shugabannin kasuwannin hatsi ne, sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan wake da dillalai. Maganarku a cikin kasuwa ta fi ta jami'in da ke zuwa sau ɗaya a shekara tasiri. Ku zauna ku yanke cewa ba a cuɗa wake da Sniper ko fiya-fiya a sitonku, wanda aka kama a hukunta shi, ku kuma haɗa kuɗi ku saro buhu mai ruɓi uku da yawa domin ya sauko wa ƙananan 'yan kasuwa. Manoma kuma, a nemi buhun tun kafin a fara roron wake, kada a bari sai ƙwaro ya shiga.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya tsare mana lafiyar iyalanmu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)